Garaɓasa ga Baƙo, Haƙuri ga Tsohon Layi

Jama'a masu sauraro, na Malisa da Kambaza da Dodoru da cikin garin Gwandu, da na Kalgo da kewaye. Sharhinmu na yau a kan wayar da ke cikin aljihunku ne, da kuma yadda kamfanonin sadarwa suke saka wa mutumin da ya daɗe yana zuba musu kuɗi. Duk wanda ya taɓa awo a kasuwa ya san al'adar gyara. Mai hatsi ya gama auna maka tiya biyar, sai ya ƙara damƙa ɗaya, kuma damƙar tana girma ne gwargwadon daɗewarku tare. Baƙon da ya tsaya yau kaɗai ba ya samun abin da mai zuwa kowace ranar kasuwa yake samu. A cinikin waya an kifar da wannan al'ada. Layin da aka yi wa rajista jiya ya fi wanda ya shekara 15 ana sa masa kati gata, kuma ɗan abin da aka yi wa tsohon alkawari ana iya rage shi ko a janye shi cikin dare, mutum ya wayi gari ya tarar da sabon lissafi. Abin da za mu tsaya a kai shi ne cewa garaɓasa da rangwame da makin da ake tarawa duk suna cikin farashi, saboda haka bai kamata a bar su a hannun ganin damar kamfani ba, musamman a wuraren da mai layi ba shi da inda zai koma.

Mu fara da abin da ido ke gani. Ranar kasuwa za ka tarar da samari a ƙarƙashin lema mai launin kamfani, da lasifika tana amo, da na'urar ɗaukar hoton yatsa a kan benci. Kiran da suke yi ɗaya ne: sabon layi, ka sa kati a ninka maka sau shida ko bakwai ko takwas. MTN ta yi irin wannan da sunan YafunYafun, Airtel ta yi da sunan OvaJara, Glo tana da Berekete. Wanda ya saya zai danna lambar duba kuɗi ya ga dubbai sun bayyana daga katin naira 500, ransa ya yi fari. Abin da lasifikar ba ta faɗa shi ne, kuɗin garaɓasa asusunsu daban, farashin minti a cikinsu ya fi na ainihin kuɗin da ka sa tsada, kuma kwanakinsu ƙidayayyu ne, ko ka yi amfani da su ko ba ka yi ba za su ƙone. Bayan 'yan watanni layin ya daina zama sabo, ninkin ya ragu. Sai mutum ya cire shi ya jefa cikin kwalin magani ko ƙasan tabarma. Ana nan kuma, ranar da ya mayar da shi don neman wata tsohuwar lamba, sai ga saƙo: mun yi kewarka, dawo ka karɓi ninki. Wato kamfani yana da kyauta ga wanda bai zo ba tukuna, yana da kyauta ga wanda ya yi fushi ya tafi, wanda ya zauna daram kuwa sai dai saƙon barka da sallah. Shi ya sa da wuya ka ga waya a ƙasar nan da ba layi biyu a cikinta, ɗaya na amsa kira, ɗaya na farautar garaɓasa. Kamfanonin ne da kansu suka koya wa jama'a cewa zama wuri ɗaya asara ce.

Abin da ya faru a farkon 2025 ya fito da maganar fili. A ranar 20 ga Janairu, Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta amince kamfanoni su ƙara farashi da abin da bai wuce kashi 50 cikin 100 ba, bayan su sun nemi a ninka. Saƙon tes ya tashi daga naira 4 zuwa naira 6. An yi gunaguni, Ƙungiyar Ƙwadago ta yi barazanar zanga-zanga, amma abin da ya fi tunzura mutane ya zo ne a watan Fabrairu, lokacin da masu sayen wani tsarin MTN na gig 15 a mako suka tashi suka ga ya koma naira 6,000 daga naira 2,000. Ƙarin kashi 200 ke nan, a ƙasar da hukuma ta ce 50. Hayaniya ta yi yawa har kamfanin ya fito ya ba da haƙuri a bainar jama'a, ya amsa cewa kuskure ne. Ya kyauta da ya ba da haƙurin. Sai dai a lura da waɗanda aka ba: masu manyan wayoyi ne na Legas da Abuja da Kano, waɗanda suka cika dandalin X da Facebook da ƙorafi cikin kwana biyu. Manomin shinkafa a fadama da aka rage wa mintunan garaɓasa, ko aka gajarta masa kwanakinta, ba shi da dandalin da zai yi kuka a ji. Sau da yawa ma ba ya sanin an canja wani abu. Abin da kawai yake cewa shi ne, katin yanzu ba ya auki.

Masu kare kamfanoni suna da hujja, kuma hujjar tana da nauyi, bai dace a yi mata riƙon sakainar kashi ba. Daga 2013 har zuwa farkon 2025 ba a taɓa farashin kira ba, alhali komai ya tashi. An cire tallafin mai a Mayun 2023, a watan Yuni aka saki naira, dala ta tashi daga wajen naira 460 ta haura 1,500. Kayan aikin da ke kan kowace hasumiyar sabis da dala ake sayo su, kuma galibin hasumiyoyin da gas suke kwana suna aiki saboda wutar gwamnati ba abin dogaro ba ce. Ga ɓarayin batir, ga masu aikin hanya da ke tsinke wayoyin ƙarƙashin ƙasa. MTN ta Najeriya, wadda ta fi kowa girma, ta bayyana asarar kimanin naira biliyan 137 a 2023, da kimanin biliyan 400 a 2024. Kamfanin da ke asara ba zai kafa sabuwar hasumiya a ƙauye ba, kuma mu ne za mu fara ji a jikinmu. Duk wannan gaskiya ne. Amma hujja ce ta ƙarin farashi a fili, wanda za a sanar, hukuma ta duba, kowa ya ji ya yi wa kansa lissafi. Ba ta halasta a bar farashi yadda yake a allo sannan a zagaya ta baya a rage abin da ke cikinsa ba. Wanda aka ce masa minti ya koma kaza zai iya rage hira. Wanda aka rage wa garaɓasa a ɓoye ba a ba shi wannan damar ba, domin bai san abin da zai gyara ba.

Hujja ta biyu ita ce wadda aka fi ji a bakin ma'aikatan kamfani: ai kyauta ce, mai kyauta kuma yana da ikon ya bayar ko ya hana. Bahaushe ya riga ya amsa wannan tun da daɗewa da ya ce banza ba ta kai zomo kasuwa. Abin da aka rubuta a allon talla, aka yi shelarsa a rediyo don a ja mutum ya zaɓi wannan layi ya bar wancan, ya fita daga sahun kyauta ya shiga sharaɗin ciniki. Mutum ya sa katin naira 1,000 maimakon 200 ne saboda an ce masa a nan ninkin yake. Ya sayi data ta wata maimakon ta kwana ne saboda an ce zai tara maki. Ya riga ya biya. A garin da ya gaji karatun Malam Abdullahi na Gwandu ba sai an yi dogon bayani ba a kan cewa ciniki ba ya inganta sai an san abin da aka saya da abin da aka biya, kuma ko wanda bai je makarantar zaure ba ya san ba a cinikin biri a sama. An gwada wannan magana a gaban alƙali a Kenya. Kamfanin Safaricom yana da tsarin maki mai suna Bonga tun 2007, wanda ake musanyawa da kati ko data ko ma waya. A ƙarshen 2022 ya sanar da cewa makin da ya wuce shekara 3 ba a taɓa shi ba zai ƙone. Wani ɗan ƙasa ya kai ƙara, daga bisani babbar kotun ƙasar ta soke matakin, bisa dalilin cewa makin da mutum ya riga ya tara ya zama nasa. Hukuncin Kenya ba ya aiki a Kebbi, amma hankalin da ke cikinsa ba shi da iyakar ƙasa.

Hujja ta uku ta fi sauran daɗin faɗa: in ba ka ji daɗi ba, canja layi, kasuwa a buɗe take. Da a 2005 ne da maganar ta zauna, lokacin da lamba ba komai ba ce illa hanyar gaisawa. Yau lambar waya ta zama kamar sunan yanka. Da ita aka ɗaure lambar BVN ta banki. Tun Disamban 2020 aka tilasta ɗaure ta da lambar ɗan ƙasa ta NIN, aka yi ta rufe layuka har zuwa Satumban 2024, kuma duk wanda ya sha layi a rana don a buɗe masa nasa ba ya marmarin maimaitawa. Wanda ke da asusun OPay ko PalmPay, lambar wayarsa ce lambar asusunsa in an cire sifilin farko, ita ce ya ba dillalin albasa a Aliero, ita ce ke rubuce a jikin teburin mai shayi. Yaron da zai rubuta JAMB da layi guda yake tura NIN ɗinsa zuwa 55019, kuma wannan layin zai bi shi har ya sami gurbi a jami'ar tarayya da ke Kalgo ko ta jiha da ke Aliero. Ɗan da ya tafi cirani Legas ko Fatakwal lamba ɗaya ya haddace ta gida. Mutumin da ke cikin wannan hali ba zai jefar da layi don an rage masa garaɓasa ba, kuma kamfani ya fi kowa sanin haka.

Za a ce ai an tanadi mafita, tunda daga Afrilun 2013 mutum yana iya ƙaura da lambarsa zuwa wani kamfani kyauta. Haka ne a takarda. A aikace sai ka je ofishin sabon kamfanin da ƙafarka, wanda galibi sai a birni, ka biya kuɗin mota zuwa da dawowa, ka bar aikin yini, ka tura saƙo zuwa 3232, sannan ka yafe duk kuɗi da datar da suka rage a tsohon layin, domin ba sa bin ka. Ko ka jure duk wannan, tambayar da ta fi muhimmanci tana nan: ka ƙaura zuwa ina? A ƙauyuka da yawa na wannan yanki sabis ɗin kamfani ɗaya ne ko biyu yake kaiwa, wani wurin ma sai an fita bayan gari ko an hau tudu. Ga kuma yadda kasuwar kanta ta tsuke. Bayan tankaɗe da rairayar da aka yi wa layuka a 2024, adadin masu aiki ya faɗo daga wajen miliyan 219 zuwa wajen miliyan 155, kuma MTN da Airtel su biyu suka riƙe fiye da kashi 80 cikin 100. Etisalat da ta shigo da ƙarfinta a 2008, ta koma 9mobile a 2017, ta sake zama T2 a 2025, ta ragu ƙwarai. Gasa tana hukunta kamfani ne a inda akwai abokin hamayya a tsallaken titi. A inda babu, abin da kamfani yake kira biyayyar abokin ciniki rashin mafita ne kawai, kuma wanda ba shi da mafita doka ce kaɗai gatansa.

Ba wai kamfanonin ba su san daraja abokin ciniki ba ne. Sun sani sarai, sai dai ma'auninsu yawan abin da ka kashe a wata, ba yawan shekarun da ka yi ba. MTN tana da tsarin Prestige, Airtel tana da Premier, na manyan masu kashe kuɗi, inda ake samun abubuwa irin su kulawa ta musamman a ofis da rangwame a wuraren da mutumin Malisa bai taɓa sa ƙafa ba. Idan aka yi ƙorafi sai a ce, to mai sa katin 100 me ya kawo da za a saka masa? Wannan lissafi ne na rabin shafi. Da farko, talaka ya fi kowa sayen sadarwa da tsada. Mai sayen data ta naira 100 kullum yana biyan kuɗi a kan kowane gig fiye da mai sayen ta wata guda a dunƙule. Idan kati ya yanke masa ana tsakiyar magana ya danna *303# ya ci bashi, an saba a ba shi 85 a rubuta masa 100, kuma ana cirewa ne da zarar ya sa kati, ko da bayan awa ɗaya ne. Na biyu, ƙaramar wayar nan mai tocila da ba ta kira sai filashin ita ce dalilin kiran da babban ɗan kasuwa yake yi daga kasuwar Mile 12 ta Legas yana tambayar farashin buhu. Ba don tana amsawa ba, da wancan bai kashe kuɗinsa ba. Kamfani yana cin riba a kan manomin ta hannun wanda ya kira shi, sannan ya juyo ya ce manomin ba ya kawo komai.

Sai batun sauya waya, wanda a ganinmu nan ne aka fi barin dama tana wucewa. A Amurka, tun 2013 da kamfanin T-Mobile ya fito da tsarin da ya kira JUMP, sauran suka bi sahu, mutum yana biyan kuɗin waya wata-wata tare da kuɗin layi, bayan wani lokaci ya mayar da tsohuwar a ba shi sabuwa. Can ma ana yawan rigima idan kamfani ya tsawaita wa'adin ko ya canja sharaɗi bayan mutane sun shiga. Mu a nan ba mu da wannan, domin kusan kowa kati yake sa kafin ya kira. Tsarin sauya wayarmu yana hannun 'yan kasuwa, daga Farm Centre ta Kano har zuwa mai ɗan gilashi a bakin tasha a Jega: ka kawo tsohuwarka, ya buɗe bayanta ya duba batir, ya gwada caji da lasifika, ya yi mata kuɗi, ka yi ciko ka ɗauki wata ta hannu. A 'yan shekarun nan kuma an sami masu ba da waya bashi irin su Easybuy da M-KOPA. Ka ajiye wani kaso, ka tafi da sabuwar Tecno ko itel ko Samsung, ka riƙa biya kullum ko mako-mako ko wata-wata, ranar da ka gaza kuma a kulle ta daga nesa, ta zama madubi. Ba za mu ce wannan sharri ne zalla ba. Bashi hanji ne, kuma akwai ɗan acaɓa da mai POS da ba don wannan hanya ba da har yau ba su riƙe babbar waya ba. Mafi yawan malamai ma sun halasta sayar da kaya bashi a farashin da ya ɗara na hannu, matuƙar an yanke kuɗi ɗaya tun wurin ƙulla ciniki. Inda gizo ke saƙa shi ne idan mai tallan ya faɗi abin da za a biya a rana ya haɗiye jimilla, ko aka ɗora tara a kan jinkiri, ko ya kasance rance ne da ruwa aka lulluɓe da sunan ciniki. Sannan biyan kullum an yanka shi ne daidai da mai samun kullum. Manomi kuɗinsa da kaka suke zuwa, ko bayan an cire albasa da shinkafar rani. A watan Agusta, lokacin da rumbu ya yi ƙasa kuma ake neman kuɗin taki, a lokacin ne za a kulle masa wayar da yake jiran kiran ɗansa da ita.

Kamfanonin layi su ne suka fi kowa buƙatar mutanen nan su bar ƙaramar waya. Har zuwa 2025 wajen layi 4 cikin kowane 10 a Najeriya a kan tsohon tsarin 2G suke, wanda ba ya ɗaukar bidiyo ko hira ta WhatsApp yadda ya kamata, alhali ribar kamfanonin ta koma kan data, kuma MTN ta biya dala miliyan 273.6 a gwanjon lasisin 5G na Disamban 2021. Shi ma mai ƙaramar wayar yana biyan harajin zamansa a baya, domin tun tsakiyar 2025 duk sanda ya danna lambar banki don tura kuɗi ana cire naira 6 da kwabo 98 daga katinsa a kan kowane minti 2. To ga buƙata ta haɗu daga ɓangare biyu, me ya hana a ƙulla? Kamfani yana riƙe da tarihin kowane kati da mutum ya taɓa sawa. Da wannan tarihi yake yanke nawa zai ranta masa na kira. Wanda ya shekara 10 yana sa kati, yana cin bashin kira yana biya, ya riga ya kafa shaidar amana da ta fi ta kowane mai tsaya masa. Abin da hankali zai ɗauka shi ne a rage masa kuɗin ajiya, a sassauta masa jimilla, a daidaita biya da lokacin girbi. Safaricom ta yi wani abu mai kama da haka a 2020 tare da Google, ta ba da wayar 4G a kan shilin 20 a rana, kuma daɗewar mutum a kan layi tana cikin abin da ake dubawa. Wannan ita ce sakayyar da tsohon layi zai gani a hannunsa, ba ninkin da ke ƙonewa ranar bakwai ba.

Kada a zaci kamfanoni za su yi haka don kunya. A Ingila ma ba su yi ba. A 2018 ƙungiyar Citizens Advice ta kai ƙara gaban hukumar gasa cewa mutanen da suka daɗe da kamfani ɗaya, a waya da intanet da inshora da banki, suna asarar kimanin fam biliyan 4 a shekara saboda zamansu. Sai da hukumar sadarwarsu, Ofcom, ta tilasta tun Fabrairun 2020 a riƙa sanar da mutum idan yarjejeniyarsa ta kusa ƙarewa, a kuma faɗa masa farashi mafi sauƙi da kamfanin yake da shi. A Disamban 2021 ta hana sayar da wayar da aka ɗaure da layi ɗaya. Daga Janairun 2025 ta wajabta cewa duk ƙarin da za a yi a tsakiyar yarjejeniya a faɗe shi tun farko da adadin kuɗi. Tamu hukumar ba ta zauna haka nan ba. Ita ta kawo 2442 na tsayar da saƙonnin talla, ta haɗe lambobin kamfanoni duka a 2023 har *310# ya zama na duba kuɗi a kowane layi, kuma a 2024 ta fitar da ƙa'idar sauƙaƙa farashi wadda ta taƙaita yawan tsare-tsaren kowane kamfani, ta ce a bayyana sharuɗɗan garaɓasa a fili. Wasu suna tsoron cewa in aka matsa, kamfanoni za su janye garaɓasar gaba ɗaya. Wadda ba za ta iya tsayawa ba idan aka faɗi gaskiyar farashinta, tafiyarta ba asara ba ce. An taɓa ce mana lissafin kira da daƙiƙa ba zai yiwu ba, a zamanin da minti yake naira 50 ko da sallama kawai ka yi, sai Glo ta zo da shi a 2003, cikin ɗan lokaci sauran suka bi.

Abin da ya rage shi ne ƙa'idar 2024 ta sauko daga shafin intanet ta iso inda ake sa kati. Bayyanawa a fili ba ta cika ba idan an yi ta da Turanci a dogon rubutun da mai ƙaramar waya ba zai taɓa buɗewa ba. Kamfanonin da suka iya kiran mutum da muryar Hausa suna tallar waƙar kira ba za su ce ba su iya kiransa da Hausa su shaida masa cewa daga wata mai zuwa garaɓasarsa za ta ragu daga kaza zuwa kaza ba. A wajabta wannan sanarwa wata guda kafin kowane canji, da murya da rubutu. Abin da mutum ya riga ya tara, maki ne ko data, a bar masa shi a kan tsohon sharaɗi, sabon ya fara daga ranar da aka sanar. Duk tallan ninki ya faɗi minti nawa ne da kwana nawa. Mai ba da waya bashi ya rubuta jimillar kuɗi kusa da farashin hannu a takarda ɗaya, kuma ko an kulle waya a bar ta tana amsa kira. 'Yan majalisar da ke wakiltar Gwandu da Kalgo a Abuja suna da ikon kiran NCC da hukumar kare masu saye ta FCCPC su tambaye su ina aka kwana. Kafin nan, mai sauraro da aka canja wa tsari ba da saninsa ba ya kira kamfaninsa a 300, ya nemi a ba shi lambar ƙorafi ya rubuta ta, idan ba a warware ba ya kira NCC a 622, kiran kyauta ne, ya karanta musu lambar.